Wasan da Haladu Ya Ƙera

A shagona na caji, bakin tashar Bulangu,
inda janareto ke tari kamar tsohon mashayin taba,
nan Haladu ya tura min shi a waya ranar kasuwa.
Ya ce, "Ni da Nafi'u muka haɗa shi, shekara biyu cur,
da kwamfuta ɗaya mai fasasshen gilashi.
Ka buga, ka faɗa min gaskiya, ban da kara."

To, ga gaskiyar, Haladu.

Maharbinka ya iya faɗa.
In ya ɗaga barandami, har a babban yatsana nake jin nauyinsa.
Ka jira kura ta yunƙuro, ka goce, ka kai sara:
ƙiftawar ido ce tsakanin gwani da gawa.
Sau uku mai karɓar waya yana min sallama,
ni kuwa ina can ƙasan rijiya ta bakwai,
zuciyata na dukan tara-tara.

Duk dodon da ka kayar, sai a shimfiɗa maka zaɓi:
ƙarfin damtse, maganin ƙarfe, ko layar zana.
Na ɗauki layar zana, ina bi ta bayan maƙiyi kamar sauro.
Sabi'u mai shayi ya sha maganin ƙarfe, gaba da gaba yake shiga.
Har yau musu muke a kan benci, shayi na hucewa.

Kukar nan da ka zana, na gane ta.
Ta bayan maƙabarta ce, har da reshen da tsawa ta karya.
Kukan kwaɗin ma na fadamarmu ne.
Ban taɓa ganin garinmu a cikin waya ba
sai in ambaliya ta ci shi.

Amma ka ce ban da kara.

Jiya na ratsa bangon rumbu, na maƙale a ciki,
ƙafafu a waje, kai a cikin gero,
kura na cizona ban ga ta inda zan rama ba.
Idon wasan kan juya min baya ana tsakiyar gumurzu,
ya tsaya kallon sararin Allah.
Waya ta yi zafi kamar tandar waina,
batir ya zube kamar ruwa a kwando.
Ni mai caji ne, riba ce gare ni,
amma ka tausaya wa mai zuwa daga ruga.

Tsohuwar bakin rijiya magana ɗaya ta sani:
"Ɗana, ka ga guga?"
Na kashe macijin, na ceto garin, na dawo jina-jina,
ta dube ni ta ce, "Ɗana, ka ga guga?"

Ran da mai ya ƙare, wayar ta mutu,
na kunna, na tarar da kaina a ƙofar gari, ba laya, ba takalmi,
aikin kwana tara ya bi ruwa.
Na rantse na daina.
Bayan isha'i na koma.

Sai ƙofar ƙarshe, mai kwaɗon tagulla.
Na zagaye dajin kaf ina neman mabuɗi,
ashe babu komai a bayanta.
Nafi'u ya faɗa min: nan kuɗinku ya tsaya,
ya tafi cirani, kai ka koma noman riɗi.

Tukunyar hannu ce wannan, Haladu,
bakinta a karkace, sawun yatsunka a jiki,
amma ruwanta da sanyi.
In riɗi ya yi kuɗi bana, ka liƙe bangon rumbu,
ka ba tsohuwa gugarta, ka gina wani abu a bayan ƙofar.
Cajin kwamfutarka a kaina.

Sai dai akuyar nan da ke tafiya a kan iska,
wadda ka ce kuskure ce:
yaran unguwa saboda ita suke cika min shago.
Kada ka taɓa ta.